Numfashi a Gorar Baffa

Mahaifina mai faci ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, injin iska a damansa, rabin duro na baƙin ruwa a hagunsa, yana neman inda iska ke sulalewa daga taya. Ka kira shi sau uku ba zai ji ba, ƙarar injin ta cinye masa kunne tun muna yara. Amma mota ta tsaya a tsallaken titi da ƙusa a taya, sai ka ga ya ɗaga kai ya ce, "Ta baya, hagu." Kuma ba ya kuskure. Inna takan ce kunnen nan nasa zaɓe yake yi, muryar taya tana shiga, ta matarsa ce ba ta shiga.

Ni ce 'yarsa ta fari, ni ce kuma mai baki a gidan. Kimiyya nake koyarwa a firamare, shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Abin da zan faɗa a kansa bai shafi rumfar faci sosai ba. Ya shafi wata gorar lemo da ta yi wata huɗu tana numfashi a falonsa bayan mai ita ya rasu, da wata jar ciyawar ruwa da ta kusa mutuwa saboda hakan.

Mai gorar shi ne Baffa, ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Har ya yi furfura Baba bai daina ce masa Auta ba. A gidan burodi yake aiki, shi ne mai kwaɓi, kuma garin fulawa ya yi shekaru yana taruwa a ƙirjinsa. Baffa ba ya iya shigowa gida a ɓoye. Tun yana ƙofa za ka ji shi: wani siririn fito in ya ja iska, ya ɗan tsaya kamar ya manta, sannan ya sake. Bai haihu ba, aurensa ɗaya bai daɗe ba, don haka ɗakin da ke manne da na Baba nasa ne tun kafin a haife ni. Mu yaran gidan da wannan fiton muka tashi, har ba ma jinsa sai baƙo ya tambaya.

Su biyun ba su iya magana da juna ba sai da zolaya. Baffa ya ce wa Baba mai sayar da iska, wai shi kaɗai ne ɗan kasuwar da hajarsa ba ta ganuwa. Baba ya ce ai burodin Baffa ma iskar ce, an dai yafa mata ɓawo. Ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗaya sannu da aiki ba. Ban kuma taɓa ganin ɗaya ya sa hannu a abinci ɗayan bai dawo ba.

Akwatin kifin daga asibitin ƙirji ya samo asali. A ɗakin jira akwai wani babban akwatin gilashi mai kifaye da ciyayi, Baffa ya dawo yana cewa in ya zuba masa ido sai ya ji ƙirjinsa ya saki. Baba ya ce, "To likitan aikin me yake yi? Ka riƙa gaida kifin ka dawo gida mana." Bayan sati biyu sai ga shi da wani tsohon akwatin gilashi da gidan burodin suka yar, wanda a da ake jera kaya a ciki. Ya wanke, ya bi kusurwoyin da gam, ya cika shi da ruwa ya bar shi kwana uku yana zagaya shi da yatsa. Da ya tabbata ba ya yoyo, ya ɗora shi a kan teburin ƙarfe ƙarƙashin tagar falo, bai ce wa kowa komai ba. Baffa ya shigo ya gani ya ce, "Yaya, ya ɗan karkace." Godiyar ke nan.

Suka zuba yashi, suka sa ƙananan kifaye shida masu shuɗin jela, da ciyayi kore. Wata ma'aikaciyar asibitin kuma ta yanko wa Baffa sili ɗaya na wata jar ciyawa, ya zo da ita a leda da ɗan ruwa, yana riƙe da ita kamar ƙwai. Ita ce muka sa wa suna Jar Baffa.

Ciyayin suka ƙi. Ba su mutu ba, ba su kuma yi gaba ba. Mai sayar da kifin ya ce sai an riƙa hura musu iskar kabon, masu hali tukunyar gas suke saye. Baffa ya tare ni a tsakar gida ya ce, "Malama, wace iska ce wannan?" Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na ce ita ce wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, tsiro kuma ita yake sha, ita ce ma take kumbura burodi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu kansa ya ce, "Wannan ai kullum ta taga nake zubar da ita."

Haka aka fara. Gorar lemo babba, ruwa mai ɗumi, sukari kofi biyu, yis cikin murfi ɗaya, da ɗan sodar burodi. A huda murfin gorar a zura siririn tiyo irin na ƙarin ruwa. Yis ya ci sukari ya yi ta fitar da iska, tiyo ya kai ta cikin wata ƙaramar kwalba mai ruwa inda take fitowa ƙwaya-ƙwaya a ƙirga, daga nan ta wuce cikin akwatin, ta fito ta jikin wani guntun gawayi, ta watse kamar hayaƙi.

Gora ɗaya ba ta da tabbas, nan suka sha wahala. Kwana uku na farko ta yi ta tafasa har kifaye su taso sama suna haki, bayan kwana goma kuma ta yi barci. Wani baƙin gansakuka mai gashi ya fara bin ganyaye. Baba ya ce abin ba wuya, taya ma ba ta son yau a cika ta gobe a bar ta a sace, daidai take so kullum. Shi ya kawo dabarar gora biyu. Tasa da ta Baffa, a haɗa bakin tiyonsu wuri ɗaya. Wannan Asabar Baba ya sabunta tasa, Asabar mai zuwa Baffa ya sabunta tasa, lokacin da ɗaya ke tsufa ɗayar tana tashe. Ya zaunar da su a baho mai ruwa don kada zafin rana ya haukata yis, kada sanyi ya kwantar da shi. A kan tiyon kowacce ya sa ɗan bawul mai barin iska ta fita ba ta koma ba, don kada gora ɗaya ta riƙa hura 'yar'uwarta. Ƙa'idarsa ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa biyu, da agogon bango yake aunawa.

Wurin huda murfi aka yi rigima. Baba ya huda nasa ƙarami, ya ja tiyon da filaya ya matse gam, ko ɗigon gam bai sa ba. Baffa ya ce ba wanda zai taɓa masa gora. Ya gasa ƙusa ya ɓula rami kamar na ɓera, sannan ya cike gefen da narkakken kyandir da cingam. Baba ya duba ya ce, "Wannan ba faci ba ne, kwaɓi ne." Amma abin haushi, kwaɓin ya riƙe har shekara biyu.

Inna ce ba ta yafe musu ba. Ban da sukarinta da ke tafiya, ruwan da ake zubarwa ranar Asabar wani irin tsami yake yi, wanda ba a so a ji daga gidan mutanen kirki. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta cikin dabara ko lafiya. Ta shigo tana huci ta ce, "Baban Malama, dattawa biyu da furfura, kuna dafa abin da ba a faɗa a falo! Ku riƙa kai shi bayan gida ku zubar, ni ba za a yi da ni a unguwa ba." Baffa ya ce, "Yi haƙuri, matar Yaya, kifin ne ke sha, mu 'yan aike ne."

Jar Baffa kuwa ta samu abin da take so. Ta yi tsawo, ya yanke kan ya sake dasawa, ta sake yi, ya sake yankewa, har kusurwar hagu ta zama ja wur. Da la'asar in rana ta shigo ta taga, ƙananan ƙwayoyin iska sukan taru a jikin ganyenta suna ƙyalli. Baffa ya dawo daga aiki da fulawa a gira, ya zauna a kujerar roba ya yi ta kallo, fitonsa na tashi yana sauka. Wata rana ya nuna min ita da haɓa ya ce, "Kin ga wadda zan bari a duniya." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to, amma dai in riƙa gaishe ta.

Ranar Laraba ya rasu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a gidan burodin, kusa da kwanon kwaɓi. Ƙirjin ne ya rufe. Abokan aikinsa suka yi ta kiran Baba, shi kuwa yana ƙarƙashin wata babbar mota, wayarsa na aljihun rigar da ya rataya a ƙusa, injin iska na ta ruri. Sai da aka zo aka jawo ƙafarsa. Ko da ya isa, an riga an rufe Baffa da mayafi. Allah ya ji ƙansa.

Baba bai yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Ya karɓi gaisuwa, ya koma rumfa. Asabar ɗin da ta biyo ta Baffa ce, ba wanda ya taɓa gorar. Inna ta ce a zubar a wanke, Baba ya ce a bar ta. Ta yi kwanakinta ita kaɗai, iskar ta ragu, yis ɗin ya kwanta a ƙasa kamar laka. A sati na uku na matsa ta da hannu na ji ta yi laƙwas. Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta bi mai ita.

Bayan kamar kwana goma na biyo daga makaranta da rana tsaka, na zauna a falon ina duba littattafan 'yan aji. Inna na can tsakar gida tana wanki, Baba bai dawo ba. Gidan tsit. Sai na ji shi. Siririn fito, ya ja, ya tsaya kamar ya manta, ya sake. Biron ya faɗi daga hannuna. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa. Kujerar robar tana nan inda take, ba kowa a kai, rana na kwance a kanta. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in ina gaya musu komai yana da dalili, bakina ya buɗe da kansa na ce, "Baffa?" Har yau ina jin kunyar wannan, amma na faɗa.

Fiton ya ci gaba. Na fita ba takalmi na samu Inna. Ta dube ni, ta ci gaba da matse rigar da ke hannunta. "Kin ji shi ke nan," in ji ta. "Yau kwana biyar. Ni na daina share falon ni kaɗai."

Daga nan Baba ya canza. Mutumin da ba ya rufe rumfa sai duhu ya fara, ya koma rufewa tun azahar. Ya zo ya ja kujerarsa kusa da bahon ya zauna, hannuwansa baƙaƙe a kan gwiwa. In fiton ya yi jinkiri sai ya ce, "Yau ka makara, Auta." In ya zo da ƙarfi sai ya ce, "A hankali mana, wa ya kore ka?" Ba da wasa yake faɗa ba, ba kuma kamar wanda ya zautu ba. Yadda ya saba yi masa magana, haka yake yi. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Da tsoron ya ɗan lafa sai taurin kaina ya dawo. Na sake matsa gorar Baffa, na ji ta tauri kamar sabuwar taya. Yis ɗin da ya mutu wata guda ba ya hura gora, wannan ko ɗan aji huɗu ya sani. Ruwa ba ya tsami banza. Na duba ƙaramar kwalbar ƙirga, na ga ƙwayar da ake so duk daƙiƙa biyu ta koma sai an ƙirga goma, wani lokacin ashirin, wani lokacin ta tsaya cik. Alhali Baba ya ninka aikinsa. Duk kwana huɗu yake sabunta tasa gorar, ya ƙara yis, ya ma fitar da ita daga baho ya ajiye inda rana ke duka don ta tafasa. Iska na samuwa fiye da da, amma ba ta isa cikin ruwan.

Jar Baffa ce ta fara nunawa. Jan ya koɗe ya koma kalar tsohon bulo. Ganyen ƙasa suka zube, silayen suka tsaya tsirara, baƙin gansakukan nan ya dawo ya naɗe su. Duk zuwan da na yi sai na ƙirga. Sili ashirin da uku, sha bakwai, sha ɗaya. Wanda ya ruɓe ya taso saman ruwa, Baba ya sa hannu ya cire ya ajiye a bakin taga.

Da suka koma bakwai na kasa haƙuri. Na zo da safe bayan ya fita, na kaɗa ruwan sabulu a kofi, yadda shi da kansa ya koya min ina 'yar shekara shida, na bi tiyon ina shafawa gaɓa-gaɓa. Ko'ina lafiya. Da na zo kan murfin Baffa, kan kwaɓin kyandir da cingam, sai kumfa ta taso, ta kumbura, ta fashe, fiton ya fito tare da ita. Kyandir ɗin ne ya tsage, wani ɗan leɓe ya ɗago. Iska ta taru ta ɗaga shi ta fita da kuka, ya koma ya rufe, ta sake taruwa. Na ji wani sanyi a raina, na kuma ji wani abu kamar an yi min ƙwace.

Saura tambaya ɗaya: ina mataccen yis ya samu iska? Na bi tiyon Baffa da yatsa zuwa inda bawul ɗinsa yake. Babu bawul. An cire, an haɗa bakin biyu da guntun bututun biro, haɗi mai tsabta irin na gwani. Iskar gorar Baba ce ke bi ta nan ta shiga ta Baffa, ta hura ta, ta fita ta tsagar. Inna na tsaye a ƙofa. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo min ɗan bawul ɗin. "Duk wanki sai na same shi a aljihunsa," ta ce. "In mayar, gobe in sake samu."

Na jira shi. Ban ko bari ya wanke hannu ba, halina ke nan, Allah ya shirye ni.

"Baba, murfin nan yoyo yake yi."

"Na sani."

"Kai ka cire bawul ɗin."

"Ni na sa, ni na cire."

"To ai iskarka ce! Ba kowa a gorar nan, Baba. Baffa ya rasu."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a idonsa. "Malama, ni na ɗauke shi. Ke za ki gaya min?"

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce to mutumin da ke jin ƙusa daga tsallaken titi, ya zauna wata uku da yoyo a falonsa? Ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa. Na ce ciyawar tana mutuwa, iskar da za ta sha ce ke tafiya a banza. Na ce in ya ga dama in sayo wata a kasuwa.

"Ta kasuwa ba tasa ba ce," in ji shi. Ya zauna, ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya ce, "Ranar Larabar, da safe, na duba kwalbar ƙirga na ga tasa ta yi rauni. Yana sa takalmi zai fita. Na ce masa, Auta, gorarka ba ta da numfashi, ta yi halin mai ita. Ya yi dariya, ya yi tari, ya ce in ara mata nawa kafin Asabar, tunda ni ne mai sayar da iska. Ya fita. Maganarmu ta ƙarshe ke nan." Ya goge fuska da bayan hannu, baƙin mai ya zauna a goshinsa. "Shekara arba'in ina hura wa baƙi iska. Ranar da ƙanena ya nema, ina ƙarƙashin motar wani. Da gorar ta yi laƙwas sai na kasa kallonta. Na ce bari in ara mata, kamar yadda ya ce. Ban san za ta yi magana ba."

A lokacin fiton ya zo, ya ja, ya tsaya, ya sake. Duk ilimina ya tsere. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin kaina. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni na zo gaya masa abin da ya fi ni sani. Ya san in ya toshe tsagar, muryar ta tafi ke nan har abada. Ya san in bai toshe ba, ciyawar ce za ta tafi. Kullum da azahar yana zuwa ya zauna tsakaninsu, ya kasa zaɓa.

Ban sake yi masa maganar ba. Na ci gaba da ƙirga kawai. Biyar. Huɗu. Biyu. Sai saura sili ɗaya, siriri, baƙi daga ƙasa, da 'yan ganye huɗu a kai waɗanda ko ja ba su da shi.

Wata Asabar da hantsi Inna ta kira ni a waya ta ce in zo, Babana na nemana. Na lissafa a hanya, Asabar ɗin Baffa ce. Na tarar bai je rumfa ba. Ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauko tsohon akwatin kayan aikinsa ya buɗe a ƙasa, ga sholisho, gam ɗin faci, ga guntun roba, ga magogi. Ya sa kujeru uku. Ya ce Inna ta zauna, ni ma in zauna.

Ya ɗauki abin maƙale shanya ya riƙe a hannu, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya dubi silin da ya rage ya ce, "Auta, 'yarka tana jin yunwa. Ka yi haƙuri." Ya maƙale tiyon da ke kai iska gorar Baffa.

Na ɗauka shi ke nan, sai na miƙa hannu zan kwance murfin. Ya riƙe min hannu. "Bar shi ya gama," ya ce. "Wancan karon ba na nan. Wannan karon zan zauna."

Muka zauna. Iskar da ta rage a gorar ta ci gaba da fita. Fiton ya zo kamar kullum. Ya sake zuwa. Sai tazarar ta fara tsawo. Ya ja, mu jira, mu jira, har in ce ya ƙare, sai ya sake, a raunane. Baba ya ɗauko gorar daga baho ya ɗora a cinyarsa, ruwa na jiƙa masa wankakkiyar rigar, tafin hannunsa a jikinta tana yin laushi a hankali. Inna ta rufe baki da mayafi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san rana ta tashi daga kan teburin ta koma ƙasa. Na ƙarshen ko fito bai zama ba, ɗan huci ne. Muka jira wani, bai zo ba.

Baba ya ce, "Allah ya ji ƙanka, Auta." A nan ya yi kukan da bai yi ba wata huɗu, kuka mai sauti, kafaɗunsa na rawa, gorar lemo a rungume a ƙirjinsa. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri.

Da ya gama ya wanke fuska ya koma mai faci. Bai yarda a canza murfin ba. Ya goge saman kwaɓin Baffa a hankali, ya shafa sholisho, ya hura ya ɗan sha iska, ya naɗa guntun roba ya danne da babban yatsa. Ya mayar da bawul ɗin inda yake. Inna da kanta ta ɗauki tsohon ruwan ta kai bayan gida, ba ta ce uffan a kan warin ba. Sannan ya miƙo min gorar da ɗan murfin da Baffa ke awon yis da shi, har da sauran fulawa a gefensa.

"Gora ɗaya ba ta riƙe akwati," ya ce. "Wannan Asabar taki ce daga yau. Kada ki cika murfin, shafe shi yake yi da yatsa."

Kafin la'asar ƙwayar ta dawo, ɗaya duk daƙiƙa biyu. Ya tsaya gaban agogon bango ya auna har sau uku. Bayan kwana tara silin ya fitar da sabon ganye, kore shar, na ce shi ke nan jan ya tafi. Na bayansa ya fito da ɗan ja a baki. Yanzu sili goma sha huɗu ne, Baba ke yankewa yana dasawa, yana mita wai aikin masu kwaɓi ne ba na masu sana'a ba. Ya koma rufe rumfa da yamma. Inna ta koma share falonta ita kaɗai.

Ni ce ban warke ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Falon ya yi shiru da yawa. Da wannan fiton na tashi, da shi na yi karatun jarrabawa, da shi aka kai ni ɗakin miji, ban san ina jinsa ba sai da ya tafi sau biyu. Wata Asabar, bayan na zuba sukari da yis, gorar ta kama aiki ta yi tauri, na duba na ga ba kowa. Baba na can tsakar gida yana gyaran tayar keke, bango biyu tsakaninmu. Na sa yatsu biyu na sassauta murfin kaɗan, ɗan kaɗan, yadda ko ni sai na kara kunne. Ya fito siriri, ya ja. Na rufe ido.

Daga tsakar gida, mutumin da sai an kira shi sau uku ya ɗaga murya.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"Ɗaure shi. Ki bar shi ya huta."

Na ɗaure.